Saura Kwana Huɗu

Tsohon nan, in ka tambaye shi ƙarfinsa, na shekara ashirin da suka wuce zai faɗa maka, kuma ko ƙifta ido ba zai yi ba. Eka biyar gare shi a bayan gida, da rijiya a gefen da ke kusa da katanga, da gwiwa ɗaya mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Bara ya shuka masara tun daga bakin rijiya har iyaka, yadda ya saba, ciyawa ta riga shi zuwa rabin gonar, abin da ya girbe bai kai shi wata takwas ba. Shi ne babban ɗansa da ke aiki a birni ya yanke magana ta waya: in bana gonar ba za ta riƙe Baba shekara ba, ci da magani, to a sayar, Baba ya dawo wurinsa. Har ɗaki an gyara masa a bene hawa na uku, mai taga ɗaya da ke kallon bangon wani.

Ya taɓa kwana biyu a ɗakin nan. Da safe ya wanke fuska, ya rasa ƙasar da zai watsa wa ruwan ya ga ta shanye. Ba ya son wurin, ko kaɗan ba ya so, kuma bai iya faɗa wa yaron ba, domin yaron da kyakkyawar zuciya ya yi.

Auta ce ta tsaya masa. Malamar lissafi ce a wata sakandare, tafiyar awa biyu a mota daga gida. Ta ɗauki hutun ranar Litinin, ta kai shi asibiti da safe, likita ya danna nan ya danna can, ya ja ta gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya ba ta takarda ta cusa a jaka. Da Tsoho ya tambaya ta ce, "Ba komai, Baba, magani ne kawai." Da la'asar ta share teburin tsakar gida, ta shimfiɗa takarda mai ƙananan gidaje, ta fiƙe fensir.

"Baba, abu uku ne suka ɗaure gonar nan," in ji ta. "Na ɗaya fili, eka biyar, ba ya ƙaruwa. Na biyu rijiya, kai ka ce ruwanta ba ya wuce albasa eka biyu. Na uku kai."

"Ni? Ni na ɗaure gonata? To sannu, 'yar boko."

"Kwanakin aikinka nake nufi. Ekar masara tana cin kwana ashirin na aiki daga shuka zuwa girbi, ta albasa arba'in. To a bana kwana nawa za ka iya yi cur a gona?"

"Ɗari da arba'in."

Ta leƙo shi ta saman tabarau. "Baba."

"Rubuta mana. Ko fensirin ne ya gaji?"

Ta rubuta. Ta ja layi a ƙasa ta ce nan masara, ta ja wani a tsaye ta ce nan albasa. Sai ta ja layuka uku suna yanka juna, ta sa wa kowanne suna a bakinsa: Fili, Rijiya, Baba. A tsakiya wani ɗan fili ya fito, ta shafa masa baƙi da gefen fensir, ta ce duk abin da zai yiwu a gonar nan yana cikin baƙin nan, abin da ke waje mafarki ne. Ta ci gaba da bayani cewa riba mafi tsoka ba ta zama a tsakiya, kullum tana gefe, inda layi ya karya ya juya, don haka wuraren nan kaɗai za a gwada. Tsoho bai ji wannan ba. Hannunta yake kallo, yadda take lanƙwasa ɗan yatsa in tana rubutu, sak uwarta in tana ɗinki, hankalinsa ya tafi can ya bar kunnuwansa a tebur.

Wuraren nan da layi ke karyawa, a littafi kusurwa ake ce musu. Amma Auta da ɗalibanta kwana suke cewa, irin kwanar da mota ke sha. Ta ƙirga su, huɗu ne. Ba ta da farashin albasa na bana, dole sai ta shiga kasuwa kafin ta gwada su, don haka ta ɗan rubuta wa kanta tuni a gefen takarda, daidai ƙarƙashin sunan layi na uku. Washegari da sassafe ta yi sauri kada mota ta bar ta, ta ce sai Asabar, ta manta takardar a tebur, da ledar magani a kanta.

Tsoho ya sha shayinsa, ya ɗaga ledar, ya ga sunansa. Karatunsa na yatsa ne, harafi bayan harafi, amma ba ya kuskure. Baba. A ƙasa kuma: saura kwana huɗu.

To, a baki kwanar hanya daban, kwanan duniya daban, ko yaro ba zai haɗa su ba. A takarda kuwa riga ɗaya suke sawa. Tsoho ya sake karantawa. Ya tuna likita da maganarsa ƙasa-ƙasa. Ya tuna "ba komai, Baba". Ya lanƙwasa yatsu: Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar. Asabar ta ce za ta dawo.

"Ashe," ya ce a hankali. "Allah sarki, yarinyar nan, ita kaɗai ta ɗauki wannan."

Abin mamaki, tsoro bai zo ba. Abin da ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya zauna a wurin har rana ta hau katanga, yana kallon tururin buta yana narkewa a iska, yana jin kaza tana tono a bayan randa, kowane sauti da tsabtarsa kamar an wanke shi. Can wani tunani ya zo masa har ya yi murmushi: to ai bene hawa na uku ya sha ruwa.

Ranar Laraba ya shiga gona ba fartanya, abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Hannuwansa suka rasa abin yi, ya goya su a baya. Ya bi ta bakin rijiya, ya leƙa, ya ga sama a ciki da kansa a tsakiyarta, ƙarami. Ya wuce zuwa eka ukun can nesa, waɗanda shi da marigayiya matarsa suka sare da hannu shekarar da aka haifi babban yaron, tana aiki da goyo, tana yi masa tsiya wai shi ne mai hutawa da yawa. Shekara hamsin yana taka ƙasar nan, yau ya fara ganin cewa launinta uku ne, ja a tudu, toka-toka a gangare, baƙa a inda ruwa ke kwanciya. Tururuwa suna ta jigila a kan hanyarsu, ya tsaya ya ba su wuri.

Da rana ta take ya kishingiɗa a gindin bishiyar iyaka, barci ya ɗauke shi ba sallama. Sai ga layukan Auta sun tashi daga takarda sun miƙe a saman gonar, dogaye, farare, daga wannan gefe zuwa wancan, kamar igiyar shanya. Ga matarsa kuwa, da zanen nan nata mai ɗigo-ɗigo, tana shanya wanki a kansu. Ta shanya a kan Fili, igiya ta riƙe. Ta shanya a kan Rijiya, ruwa na ɗiga yana komawa ciki da ƙara mai daɗi. Da ta zo igiyar da ke da sunansa, riga ɗaya ta ɗora, igiyar ta sunkuya har ƙasa.

"Ƙara mana," ya ce mata. "Za ta ɗauka."

Ba ta ko juyo ba. "Kai dai har yau ba ka iya faɗin nauyin kaya ba," in ji ta, tana matse wani zane. "Buhu ya danne ka, a tambaye ka, ka ce auduga ce."

Ya buɗe baki zai kare kansa, sai iska ta kumbura wankin gaba ɗaya, gonar ta ɗaga kaɗan daga ƙasa kamar za ta tashi, shi kuma ya farka da ganye a gemu. Ya daɗe zaune yana jin ƙanshin sabulu, alhali ba mai wanki ko ɗaya a kusa.

Ranar Alhamis ya tashi da rabon kaya. Akwai maƙwabcinsa mai awaki, wanda suka shekara goma sha ɗaya suna gaisuwa da haƙora saboda wata akuya mai cin shuka. Tsoho ya ɗauki fartanyarsa ta ƙwarai, wadda ƙotarta ta yi santsi da hannunsa, ya tsallaka ya miƙa masa.

"Riƙe wannan, maƙwabci. Kuma maganar akuya ta wuce, na yafe."

Mai awaki ya karɓa da hannu biyu yana dubansa sama da ƙasa. "Lafiya kuwa? Akuyar nan ai ta shekara shida da mutuwa."

"To ka gaya wa 'ya'yanta."

Ya dawo gida ya sauko da kwalbar zumar da yake ɓoyo tun bara don ranar baƙi, ya zauna a bakin ƙofa ya shanye rabi da cokali, ba ko kunya. Da yamma waya ta yi ƙara, Auta ce.

"Baba, ya jiki? Kana shan maganin?"

"Ina sha, uwata." Bai sha ba, ya ga ɓarna ce.

"Ka huta fa, kada ka wahalar da kanka. Saura kaɗan in gama komai."

"Na sani," ya ce. "Kada ki damu, na shirya."

Ta ce to madalla, ta kashe. Ya riƙe wayar yana jinjina ƙarfin halin yarinyar, ko rawa muryarta ba ta yi ba.

Ranar Juma'a ce abin ya cije shi. Ya farka ya ji ba ya son tafiya ko'ina. Yana son ya ga albasa ta fasa ƙasa, yana son ruwan farko, yana son ya sake yin faɗa da wani a kan akuya. Ya zauna a bakin gado ya yi kuka irin na tsofaffi, ba sauti, hawaye na bin kwarin fuska suna shiga gemu. Da ya share ido ya ɗauko takardar, ya ga ɗari da arba'in da rubutun 'yarsa, ƙarya tasa, hannu nata. Wannan takarda za ta kai wa yayanta, ta tsaya a kanta a matsayin malama, shi kuma yana kwance ba bakin gyarawa. Abin ya dame shi fiye da mutuwar. Ya zauna ya bi bara rana-rana, ya cire kwanakin da gwiwa ta hana shi fita, ya cire waɗanda ya fita ya dawo kafin hantsi, ya cire waɗanda ya je ya zauna a gindin bishiya don kada a ce bai je ba. Abin da ya rage tamanin ne, da ƙyar.

Asabar da hantsi Auta ta yi sallama, jaka a kafaɗa, ta ji shiru. Ta same shi a ɗaki, ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya miƙe a gado ya haɗa hannuwa a ciki, ɗakin a share tas.

"Baba! Me ya faru?"

"Zauna, uwata, lokaci ba yawa. Abin da na ce ki rubuta, ɗari da arba'in, ƙarya na yi miki. Tamanin ne. Tun shekara uku tamanin ne. Ki gyara, kada yayanki ya kama ki da kuskuren da ba naki ba." Ya numfasa. "Sannan na ga abin da kika rubuta. Kada ki ji nauyi, kin yi ƙoƙari da kika ɓoye."

"Na ɓoye me?"

Ya zaro takardar daga ƙarƙashin matashi, ya ɗora yatsa. Ta karanta. Ta sake karantawa. Sai ta dafe baki, ta zame daga bakin gado ta zauna a ƙasa daɓas.

"Wayyo Allah, Baba! Kwana! Kwanar layi! Ga su nan, ɗaya, biyu, uku, huɗu, inda layukan suka karya! Na gaya maka ranar Litinin!"

"Likita fa?"

"Hawan jini ne da gwiwa! Cewa ya yi ka rage aiki, na san in na faɗa za ka ƙara, shi ya sa na yi shiru!"

Dariya ta kama ta, kuka ya karɓe, dariya ta dawo, har ta rasa wanne take yi, ta kifa kai a gwiwarsa mai ciwon tana dukan katifa. Tsoho ya kwanta yana kallon rufi. Can ya tashi zaune a hankali, ya gyara hula.

"Yanzu fartanyata ta tafi a banza ke nan," ya ce. "Da rabin zuma."

Fartanya dai ta dawo da azahar, labari ya kai wa mai awaki, ya kawo ta da kansa, kuma ya yi dariyar da za ta ishe shi shekara goma sha ɗaya masu zuwa. Da ya tafi, uba da 'ya suka koma teburin tsakar gida. Auta ta samo farashi. Ta ce a sauƙaƙe, a ɗauki ribar ekar masara kwano ɗaya, ta albasa kwano uku, abin da Yaya ya ce zai riƙe Baba shekara kuma kwano biyar ne.

"Da ɗari da arba'in ɗinka," in ji ta, "masara eka uku, albasa biyu, kwano tara. Da na kai masa wannan da murna."

"Da tamanin fa?"

Ta dube shi. "In goge?"

Nan fa. Mutumin da ya faɗi tamanin ɗazu mai mutuwa ne, wanda ke zaune yanzu kuwa zai shiga kasuwa gobe, zai gaisa da mutane. Ya ji ɗari da arba'in ta taso masa har maƙogwaro, tana neman hanya. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Goge."

Ta goge layin Baba, ta sake jan sa, ya matso ciki sosai, ɗan baƙin filin ya tsuke ya koma mai kusurwa uku. Wannan karon ya sa kunne. Kusurwa ta farko, in ji ta, kada a shuka komai, ba riba. Ta biyu, masara zalla, kwana tamanin eka huɗu kaɗai za su iya, kwano huɗu, bai kai ba.

"Abin da ya same ka bara ke nan," ta ce. "Ka shuka biyar, ka iya huɗu, ka raba ƙarfinka ciyawa ta ci da yawa."

Ta uku, albasa eka biyu a bakin rijiya, kwana tamanin cif, kwano shida.

"Shida ta fi biyar," in ji Tsoho, yana lalube kamar mai taka ƙasa a duhu.

"Ta fi. Ba inda za ka, Baba. Kana gidanka." Ta ajiye fensir. "Amma sai ka bar eka ukun can. Ko kwana ashirin ka ɗauka ka kai musu, rabin ekar albasa ka kashe, ka ba da kwano ɗaya da rabi ka karɓo ɗaya."

"In bar su haka nan? Ba shuka? Mutane na wucewa suna gani?"

"Suna gani."

"Uwarki ta sare wurin nan da goyo."

"Na sani, Baba."

Ya turo mata takardar. Ta ɗauki hoton takardar ta aika wa yayanta, ya kira, ya yi tambayoyinsa, ya ce to a gwada bana. Tsoho ya ji daɗi, daɗi na gaske, har cikin ƙashinsa. Amma da ya juya ya hangi bishiyar iyaka ta saman katanga, sai daɗin ya yi masa nauyi.

Bayan mako uku aka yi ruwan farko. Gari ya waye da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, hazo-hazo na tashi daga gonaki, kowa ya fito. Mai tarakta, wanda ke bi gona-gona yana huɗa a biya shi, ya tsaya a bakin gonar Tsoho kamar kowace shekara, bai ko kashe inji ba, ya leƙo yana ɗaga murya.

"Baba, biyar kamar kullum?"

A kan hanya akwai mutane, wasu da iri a ka, wasu a keke, kuma ƙarar injin ta sa dole a yi magana da ƙarfi. Tsoho ya riga ya kafa turaku biyu a inda eka ta biyu ta ƙare. Ya nuna su da sanda.

"Biyu. Daga rijiya zuwa can."

"Sauran fa? Sayarwa za ka yi?"

"A'a."

"To hutar da ƙasar za ka yi ke nan. Dabara ce, Baba, ƙasa na son hutu."

Ga ƙofa an buɗe masa, in ya ce e, magana ta ƙare da mutuncinsa. Ya dubi eka ukun, sun sha ruwa sun yi duhu, suna jira yadda suka saba.

"Ƙasar lafiyarta lau," ya ce, da ƙarfin da na kan hanya za su ji. "Ni ne ƙarfina bai kai ba."

Mai tarakta ya sauke hularsa ya mayar, ya sa giya. Tsoho ya tsaya a bakin rijiya yana kallon garma tana tsaga ƙasa, tana tafiya, tana tafiya, har ta kai turakun a tsakiyar gonarsa ta juyo.